Kaduna: Idan Likita Ya Ce Ido Ya Tafi, Ina Makaho Zai Nufa?

Duk wanda ya saba sallar Juma'a a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki ya san abin da ake tararwa a bakin titi da zarar an sallame. Makafi ne maza da mata, kowanne da sandarsa da ƙoƙonsa, a gabansa kuma ga yaro ko yarinya da bai wuce shekara goma ba yana riƙe da ɗaya bakin sandar. Na shafe shekaru ina wucewa ta gabansu, in jefa abin da ya sauwaƙa in shiga mota, zuciyata wasai kamar wanda ya sauke farali. Sai wata rana wani abokina malamin makaranta ya ja hankalina da wata tambaya da har yau ban daina juya ta ba. Ya ce da ni: "Malam, kai makahon kake gani, to shi ɗan jagoran fa, wane aji yake?" Tun daga ranar na fahimci cewa a kowace sanda mutum biyu muke asara, wanda bai gani da kuma wanda aka hana shi makaranta domin ya gani a madadinsa.

Abin da ya sa wannan al'amari ya fi ciwo a Kaduna shi ne, in dai maganar lafiyar ido ake yi, da wuya a sami wani gari a Nijeriya da zai ja da ita. A arewacin kogi, can wajen Mando, akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa, wadda aka kafa da Dokar Soja mai lamba 52 ta shekarar 1979, kuma har gobe daga jihohi masu nisa ake yo takakkiya zuwa cikinta. Tun kafin ita, a 1962, an buɗe asibitin ido na Guinness a wannan gari. Ƙungiyar Sightsavers, wadda wani Bature makaho mai suna John Wilson ya kafa a Ingila a 1950, a Kaduna ta ajiye babban ofishinta na Nijeriya. A ƙauyukan Jihar Kaduna ne Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka yi gwajin da ya nuna cewa shan maganin Mectizan sau ɗaya a shekara yana kare jijiyar ido daga cutar makantar kogi, sakamakon da aka buga a 1993 kuma duniya ta amfana da shi. Wannan abin alfahari ne, ba na kuma cikin masu raina shi.

To amma asibiti yana da iyaka. Akwai ranar da likita zai gama haska ido, ya ajiye fitilarsa, ya dubi uban yaro ya ce masa sai haƙuri. Tambayata ita ce, daga wannan ɗaki ina aka nufa? A yawancin lokuta amsar ita ce gida, daga gida sai zaure, daga zaure sai titi. Mun gina wa makaho hanya mai kwalta zuwa asibiti, amma daga asibiti zuwa makaranta ko wurin koyon sana'a ko ƴar burtali ba mu share ba.

Mai karatu, bari mu dubi girman matsalar. Binciken ƙasa kan makanta da raunin gani da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa cikin ƴan Nijeriya da suka kai shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13 a wancan lokaci. A Arewa maso Gabas abin ya kai kashi 6.1, alhali a Kudu maso Yamma kashi 2.8 ne, kuma idan aka koma ga yawan kawuna, shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ce ke kan gaba. Yanar ido ita ce ta makantar da kashi 43 cikin ɗari, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Binciken ya ce kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta ana iya kauce mata ko a yi maganinta. Har ila yau ya bankaɗo wani abin kunya: fiye da huɗu cikin kowane ido goma da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka tura yanar ciki da tsinke, kuma galibin waɗannan idanu sun ƙare a makance. Alƙaluman sun tsufa, jama'a ta ƙaru matuƙa tun daga lokacin, sannan binciken manya ya fi mayar da hankali a kai. Yaran da ƙyanda ko ƙarancin sinadarin bitamin A ko maganin gargajiya da aka ɗiga musu ya tafi da ganinsu, ba su ne jigon wannan lissafi ba, alhali su ne za su rayu shekara hamsin ko sittin cikin duhu.

Ba gaskiya ba ne a ce Bahaushe bai taɓa yi wa makaho tanadi ba. A garuruwanmu na da akwai Sarkin Makafi, naɗaɗɗe, mai fada da ƴan majalisa, yana sasanta rigima yana kai kuka gaban sarki. Makafi suna da sana'arsu ta tufka igiya, kuma igiyar guga da ta ɗaure dabba ba ta rasa kasuwa. Da yawansu sun haddace Alƙur'ani, wasu sun zama malamai da masu wa'azi. A Zariya, nan kusa da mu, Malam Aliyu Namangi makaho ne, amma waƙarsa ta Imfiraji ta shiga kowane lungu na ƙasar Hausa, har ta zama abin nazari a jami'o'i. Shi kansa addininmu, ai saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa, shi ne kuma ya yi ladanci, aka kuma sha bar masa riƙon Madina. Sai dai zamani ya rushe wancan tsari bai kawo madadinsa ba. Igiyar roba ta kashe kasuwar tufka, birni ya cinye zumunci, abin da ya rage a hannun makaho shi ne ƙoƙo. Har harshenmu ya bi sahu, domin kuwa in muna son siffanta aikin da ba shi da amfani sai mu ce aikin banza, makaho da waiwaye.

Ilimin boko na makafi kuwa ta hannun ƴan mishan ya shigo mana. Makarantar makafi ta farko a Nijeriya ita ce ta Gindiri a Jihar Filato ta yanzu, wadda aka buɗe a 1953, sai ta Pacelli a Legas a 1962. Iyaye Musulmi da dama sun yi ɗari-ɗari da tura ƴaƴansu saboda tsoron sauya musu addini, kuma ba zan zarge su da wannan tsoro ba. Abin zargi shi ne mu da muka ƙi ta wasu ba mu yi gaggawar gina tamu ba. Waɗanda suka samu shiga kuwa sun nuna abin da za a iya. Marigayi Bitrus Gani Ikilama, wanda ƙyanda ta makantar tun yana ƙarami, ta Gindiri ya bi har ya zama ƙwararren mai gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa gidauniyar Hope for the Blind a Zariya. A Jami'ar Bayero ta Kano an yi Farfesa Jibrin Isa Diso, makaho, masanin ilimin masu buƙata ta musamman. A Masar, Ɗaha Husaini ya makance yana yaro, ya yi digirin digirgir a Faransa, ya riƙe muƙamin Ministan Ilimi daga 1950 zuwa 1952. Ina kawo sunayen nan ne domin mai karatu ya tambayi kansa, Ɗaha Husaini nawa ne ke zaune yau a gindin gadar Kawo?

A cikin garin Kaduna, gwamnatin jiha tana da Makarantar Ilimi na Musamman da aka fi sani da KASSES, inda ake karɓar kurame da makafi da sauran yara masu lalura, sai kuma cibiyar koyar da sana'a ta Kakuri a ƙetaren kogi. Kano tana da ta Tudun Maliki, Katsina tana da makarantar makafi, Sakkwato ma tana da tata. Malaman da ke aiki a irin waɗannan wurare sun cancanci jinjina, domin aiki ne da ba ya kawo suna balle kuɗi. Amma ko an ƙi ko an so, makaranta ɗaya ko biyu ba za su ɗauki nauyin jiha mai ƙananan hukumomi 23 ba. Uban da ke Birnin Gwari ko Ikara ko Kaura, wanda ko kuɗin mota zuwa Kaduna sai ya sayar da tiya, yaya za a yi ya rabu da ƴarsa makauniya mai shekara shida ya kai ta kwana a garin da bai san kowa ba? Sannan wannan al'ada ta gwamnatocinmu ta tara kurma da makaho a harabar makaranta guda, sauƙin kasafi ne kawai, ba hikimar koyarwa ba. Kurma da ido yake karatu, makaho da kunne da yatsa. Abin da ɗaya ke buƙata ba ya amfanar ɗayan ko kaɗan, kuma a inda kurame suka fi yawa, kamar yadda aka saba gani, makafi kan zama ƴan rakiya.

Yana da kyau mu san abin da karatun makaho ya ƙunsa, domin da yawa daga cikinmu mun ɗauka gini da allo da abinci sun wadatar. Abu na farko shi ne rubutun Braille, wanda wani yaro Bafaranshe makaho, Louis Braille, ya ƙirƙiro a 1824 yana ɗan shekara 15. Ɗigo shida ne masu tudu a gurbi guda, ana sarrafa su su ba da siffofi 63, da su ake rubuta Turanci da Larabci da lissafi, har Hausa da ƙ da ɗ da ɓ ɗinta. Yaro kan fara da ɗan allon ƙarfe ko roba da tsinken hudawa, wanda ba shi da tsada, amma in karatu ya yi nisa sai da keken rubutu na Perkins, wanda kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, ga takarda mai kauri ta musamman da ita ma daga waje ake shigo da ita. Kowa ya san yadda Naira ta faɗi tun daga 2023, don haka sai a ƙiyasta. Littafin da mai ido zai sa a aljihu, in aka juya shi zuwa Braille sai ya zama mujalladai. Saboda haka a aji guda za ka tarar mai ido yana da littafinsa, makaho kuwa yana jiran wanda zai ji tausayinsa ya karanta masa. Wannan ne ya sa akasarin ɗalibai makafi ake kora su zuwa fannin adabi da addini ko da kuwa kansu na lissafi ne, domin malamin da ya iya koyar da lissafi da kimiyya da Braille ya yi ƙaranci ƙwarai. Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo, wadda ta fara aiki a 1977, da sassan ilimi na musamman na jami'o'in Jos da Bayero suna yaye malamai, amma sau da yawa wanda ya karanci koyar da makafi sai a tura shi firamaren gama-gari ya koyar da zamantakewa, a bar makafi da wanda bai san ɗigo ɗaya ba.

Abu na biyu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne koyon tafiya da farar sanda. Darasi ne mai zaman kansa: yadda za a riƙe sanda, yadda za a saurari motsin mota, yadda za a ƙidaya kwana, yadda za a tsallaka titi. Wannan darasi shi ne ke ƴanta ɗan jagora ya koma aji. Sai dai ko makaho ya ƙware, garin ma sai ya ba shi hanya. An yi wa Kaduna kwaskwarima sosai daga 2019, an faɗaɗa tituna, an sake gadar Kawo, gari ya yi kyau ga mai ido da mai mota. Amma mai karatu ya gwada rufe idonsa ya taka daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi zuwa titin Kano, tsakanin buɗaɗɗun magudanai da Keke Napep da kayan ƴan tireda da aka baza a inda ya kamata ƙafa ta bi, zai san abin da nake nufi kafin ya yi taku ashirin.

A watan Yulin 2015, bayan bam ɗin da ya tashi a sakatariyar Ƙaramar Hukumar Sabon Gari a Zariya ya hallaka sama da mutum 20, Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya haramta bara da talla a titunan jihar. Mabarata, ciki har da makafi masu yawa, suka fito zanga-zanga a Kaduna, suna cewa an haɗa su da ƴan ta'adda, an kuma toshe musu hanyar abinci ba a buɗe wata ba. A 2016 aka mayar da haramcin doka. Ni ina cikin waɗanda ke ganin bara ƙasƙanci ce da bai kamata a kare ta ba, kuma gwamna ya yi gaskiya da ya ce ba sana'a ba ce. Amma su ma makafin sun yi gaskiya. Dattijon da ya kai shekara sittin bai taɓa shiga aji ba, bai iya komai ba sai roƙo, in ka kore shi daga titi ba ka ba shi abin yi ba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Shekaru sun shuɗe, gwamnati ta sauya a 2023, duk mai ido kuma yana iya leƙa bakin masallatai da mahaɗar tituna ya yanke wa kansa hukunci.

Dokoki kam ba mu rasa su ba. Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ware babi guda kan ilimi na musamman. Hukumar UBEC, wadda aka kafa da dokar 2004, tana ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗinta domin wannan fanni. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta halatta a juya littafi zuwa Braille ko murya domin makafi ba tare da neman izinin mawallafi ba. Ma'ana, babu wata doka da ta hana Ma'aikatar Ilimi ta juya dukkan littattafan firamare da sakandare na jihar nan zuwa Braille gobe da safe. Na'urar bugawa ce da takarda da ma'aikata uku ko huɗu, kuɗin da bai kai na motar babban jami'i guda ba.

Inda aka yi niyya kuwa an ga aiki. Daga 2017 hukumar JAMB a ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede ta kafa kwamiti na musamman bisa jagorancin Farfesa Peter Okebukola, wanda ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na daban, ciki har da Kano. Sai dai ƴan ɗaruruwa ne ke zama jarrabawar a duk faɗin ƙasa kowace shekara, cikin ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi. Hukumar zaɓe ma ta fito da jagorar ƙuri'a mai rubutun Braille a zaɓen 2019. Tunani ne mai kyau, amma makahon da ba a koya wa Braille ba, me zai yi da ita? Mun ɗora rufi, ba mu yi harsashi ba.

Akwai wasu rukuni biyu da ko a cikin wannan zance akan manta da su. Na farko su ne yara masu raunin gani, waɗanda ba makafi ba ne sarai. Ƴar wani ɗan'uwana a Badarawa ta shekara uku ana dukanta a makaranta ana kiranta daƙiƙiya, ana zaunar da ita a layin baya saboda tsayinta, ashe allon ne ba ta gani. Ranar da aka gwada idonta aka yanka mata tabarau, a hanyar komawa gida ta riƙa karanta allunan shaguna da ƙarfi tana dariya, uwarta kuwa tana kuka. Irinta nawa ne suka bar makaranta da tambarin daƙiƙanci? Gwajin farko bai wuce kwali mai haruffa da taku shida ba, kuma kowane malamin aji zai iya koyonsa a yini guda. Rukuni na biyu su ne manya da makanta ta riska da tsakar rana: ma'aikacin gwamnati ko akanta ko direba da hawan jinin ido ko ciwon suga ya cinye masa gani yana da shekara arba'in da biyar. Wannan bai dace da makarantar yara ba, bara kuma ba zai iya ba, sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, a yi masa ritayar dole. Alhali a yau akwai manhajar NVDA da ke karanta abin da ke fuskar kwamfuta kyauta, wayoyin hannu kuma suna zuwa da TalkBack ko VoiceOver a cikinsu. Watanni kaɗan na horo za su iya mayar da irin wannan mutum teburinsa. Wa zai gaya masa, in ba a ajiye mai ba da shawara a ƙofar ɗakin likitan da ya yanke masa ƙauna ba?

Masana suna ta muhawara a kan ko a ci gaba da makarantu na musamman ko a haɗa makafi da masu ido a aji guda. A ganina, a halin da muke ciki, jefa yaro makaho cikin aji mai ɗalibai ɗari da malami guda da sunan haɗaka yaudara ce. Abin da ya fi dacewa shi ne yaro ya yi shekarun farko a inda zai ƙware a Braille da sanda, sannan ya shiga makarantar unguwarsu, a kuma zaɓi makarantu kaɗan a Kawo da Unguwar Rimi da Tudun Wada da Rigasa a ba kowacce ɗaki guda na kayan aiki da malami ƙwararre mai zagayawa. Makarantun Islamiyya ma su shigo ciki, tunda akwai Alƙur'ani da Braille, amma Islamiyya nawa ce a garin nan ke da ko da juzu'i ɗaya?

A nan ne zan yi wa ƴan'uwana ƴan boko da ƴan kasuwa hannunka mai sanda. Mu ne ke cika sahun gaba a Sultan Bello, mu ne ke raba Naira hamsin hamsin ta tagar mota. Da za a tara abin da muke rabawa a Juma'o'in wata guda a asusun wakafi mai amintattu, da ya sayi kekunan Perkins ya biya albashin malamin tafiya da sanda. Likitocinmu na ido su riƙa rubuta wa wanda ganinsa ya tafi takardar turawa zuwa makaranta ko cibiyar horo kamar yadda suke rubuta magani. Shugabannin ma'aikatu kuma, kafin su sa hannu a jerin sunayen sababbin ma'aikata, su ƙirga su ga ko biyar cikin ɗarin nan da doka ta ce suna ciki.

Juma'ar da ta wuce na tsaya na tambayi wani ɗan jagora sunan makarantarsu. Ya ce yana aji uku aka cire shi, lokacin da yayarsa da ke jan baban ta yi aure. Baban ya ce da ni, in da zai iya zuwa masallaci ya koma gida shi kaɗai, da gobe yaron zai koma aji.